Laimar kwaɗi ta suri: yaya ake gane ta?

Ƴan'uwa, tsakiyar damana laimar kwaɗi tana fitowa cikin daji. Akwai wata ƙarama wadda ba a cika gani ba. An fi samun ta kudu, wajen Gaya, inda itace ke da yawa. Bisa suri take tsira, ko kusa da shi, don gara ce ke noman ta cikin gidanta.

Kada ka tsinke ta. Tona da icce. Za ka ga saiwa guda, doguwa, ta nutse wajen gidan gara. Tsakiyar hularta yana da tsini. Kifa hular bisa farar takarda ta kwana. Da safe za ka tarar da gari mai ɗan ja-ja. In garin ya yi tsanwa, wata iri ce, mai dafi, tana sa amai da zawo.

Duk da haka, kada a ci sai dattijon da ya saba cin ta ya duba. Dafuwa ba ta kashe dafi. Wani dafin ma sai bayan awa 6 yake tashi. Wanda ya ci, cikinsa ya murɗa, a kai shi likita nan da nan, tare da ragowar laimar. A faɗa wa yara masu kiwo.