Sa Hannun Mai Unguwa Ba Ya Halatta Cinikin Gona

A Birnin Kudu da Gwaram za ka ji ana cewa cinikin da ba a rubuta ba ba ciniki ba ne. Ba haka ba ne. Wanda ya taya buhun riɗi a kasuwar Sara, mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jigawa ke hukunci da shi, da dokar ƙasa abu ɗaya suke nema: tayi da sallamawa, kaya sananne, kuɗi sananne, da masu hankali biyu da ba a tilasta musu ba. Takarda ranar musu take amfani, shi ya sa aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi. Ko saƙon WhatsApp kotu na iya karɓa, bisa sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011.

Maganar da ta fi raba zumunci ita ce wai in mai unguwa ya sa hannu an gama. Uba ya rasu, ba a raba gado ba, babban wa ya kai mai saye bakin gona, ya nuna iyaka daga tsamiya zuwa kwari, ya ƙirga kuɗi ya sa aljihu. Ƙannensa mata suna ɗakin aure, ba wanda ya tambaye su. Mai unguwa shaida ne kawai, hatiminsa ba ya mallaka wa mutum abin da ba nasa ba. Cinikin kason matan nan a rataye yake har sai sun yarda, in sun ƙi ya warware. Haƙƙin mata da marayu ake cinyewa da wannan ƙarya, abin da zafi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta sharɗanta amincewar ƙaramar hukuma kafin gonar karkara ta canza hannu.

Jingina ma ba ta rikiɗewa ta zama saye don an daɗe. Ko bayan shekara 20 ne, mai gona ko magadansa suka kawo kuɗin, gona ta koma.

Masu cewa bai halatta a sayar da gero tun yana kore a gona ba, su kam sun yi gaskiya, domin ba wanda ya san abin da damina za ta bari. Abin da ya halatta shi ne a biya kuɗi yanzu a kan buhu kaza na gero iri kaza, a sa lokacin karɓa da kaka.