Ko Ka Sani? Tafiyar Kilomita 50 A Cikin Kaset Ɗin Bidiyo Ɗaya

Ko ka san cewa idan ka saka kaset ɗin bidiyo mai awa 3 ka kalle shi tun daga farko har ƙarshe, na'urar ta karanta layin da tsawonsa ya haura kilomita 50? Wato kimanin nisan da ke tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Alhali zaren da ke naɗe cikin kaset ɗin, in ka warware shi ka miƙe, mita 250 ne da 'yan kai. Yadda aka yi doguwar tafiya ta shige cikin gajeren zare shi ne sirrin wannan na'ura da yanzu ta koma ƙarƙashin gado a gidaje da yawa. Kuma a cikin sirrin ne ake samun amsar tambayar da masu son waƙoƙin dā ke yawan yi: wannan faifai ko memori da ake tallarsa a tasha, mai ɗauke da tarin hotunan Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗan Anace da Sani Aliyu Ɗandawo, ya cancanci mutum ya sa kuɗinsa?

Hoto mai motsi ya fi murya cin wuri nesa ba kusa ba. Zaren kaset ɗin rikoda santimita 4.76 yake tafiya a sakan ɗaya, yana goga jikin hedi, wato bakin da ke karanta shi, wanda ke tsaye cik, kuma hakan ya wadatar wa murya. Hoto kuwa sai zaren ya goga hedi da gudun kusan mita 5 a kowane sakan. Da a ce zaren ne zai yi wannan gudun, da kaset ɗin awa 3 ya ƙare kafin minti ɗaya ya cika. Sai injiniyoyi suka juya lamarin: a bar zare ya yi tafiyarsa a hankali, hedin ya yi gudun. Kamfanin Ampex na Amurka ne ya fara fito da irin wannan na'ura kasuwa a 1956, kuɗinta dala 50,000, sai gidajen talabijin ke iya saye. Ta gida, wadda muka sani da VHS, kamfanin JVC na Japan ne ya fito da ita a 1976, ta kuma danne Betamax ta kamfanin Sony da ta riga ta fitowa da shekara guda, har da dalilin cewa kaset ɗinta na farko yana ɗaukar awa 2, na Sony awa ɗaya.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran rediyo aka ɗage murfin bidiyo ya ga abin da idonsa. Kana tura kaset, sai na'urar ta haɗiye shi ta sauke ƙasa, ta ɗaga ɗan murfin gabansa, wasu 'yan sanduna biyu su zaro zaren su naɗa shi a rabin jikin wani kewayayyen ƙarfe mai ƙyalli. Shi ne masu gyara ke kira hedi. Faɗinsa milimita 62, kuma in ka lura ba a miƙe yake zaune ba, a ɗan karkace yake. Mutane da dama sun ɗauka lanƙwashewa ya yi, alhali haka aka ƙera shi. Yana juyawa sau 25 a sakan, wato sau 1,500 a minti, da wasu 'yan mitsi-mitsin bakuna biyu a gefensa waɗanda da kyar ido ke gani. Zaren na rarrafawa santimita 2.3 kawai a sakan, su kuma bakunan nan suna sharar sa a gicciye, suna jera layuka a karkace kamar kunyoyin gona, layi 50 a kowane sakan, kowanne tsawonsa kusan santimita 10, kaurinsa kuwa bai wuce na silin gashi ba. Layi biyu ne ke haɗa cikakken hoto ɗaya. In ka haɗa tsawon layukan nan na awa 3, ga kilomita 50 ɗinka.

Murya ita ce aka yi wa rowa. A yawancin na'urorin da suka shigo mana, ɗan siririn gefen zare aka bar mata, faɗinsa kamar milimita ɗaya, kuma hedi mai tsayuwa ne ke karanta ta a kan waccan tafiyar hawainiyar. Shi ya sa kaset ɗin rikoda mai kyau ya fi kaset ɗin bidiyo daɗin sauraro. A ɗaya gefen zaren akwai wasu alamomi da ke gaya wa na'ura inda kowane layi ya fara. In gefen ya yamutse, ko aka kai kaset ɗin wata na'urar da saitinta ya ɗan bambanta, sai hoto ya riƙa rawa, farin yayyafi ya ratsa tsakiyarsa, yaro ya tashi ya je murɗa tirakin don daidaita hoton.

To, a nan maganar sayen tarin waƙoƙi ta shigo. Abin da ke kan zaren ba lambobi ba ne irin na kwamfuta, maganaɗisu ne da aka shimfiɗa a kan garin tsatsar ƙarfe da aka liƙa a jikin leda. In aka haɗa bidiyo biyu da waya aka kwafa, ta biyun ba ta karɓar ainihin abin, tana sake rubuta abin da ta iya tsinta ne, har da dattinsa. Kwafin farko yana da dama-dama. Na biyu, launi ya fara malala, jar hula ta ɓata goshi. A na uku da na huɗu fuska ta zama inuwa, murya ta cika da shuu. Yawancin hotunan manyan makaɗanmu gidajen talabijin ne suka ɗauke su, irin su NTA Kaduna da NTA Sakkwato, a kan manyan kaset na ma'aikata. Wani ya ɗauka daga talabijin a gidansa lokacin da ake nunawa, wani ya ara ya kwafa, mai shago ya kwafa daga nasa. Da faifan VCD ya zo, wanda aka ƙirƙiro a 1993, sai aka matse wannan gajiyayyen kwafin ya shiga faifai, hoto mai ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. Da waya ta zo aka ƙara matse shi, wani lokaci har zuwa ɗigo 176 da 144, don ya shiga ƙaramar memori. Daga nan WhatsApp ya ƙara tatse abin da ya rage. Saboda haka sabon faifan da ke sheƙi cikin leda a kasuwa yana iya zama jikan jikan wani kaset da ke kwance cikin adaka a Kalgo, kuma kakan ya fi shi kyau.

Wannan asara tana yi mini ciwo, domin waƙar fada ba ta kunne kaɗai ba ce. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, Shata kuma a 1999. Yaron da aka haifa bayansu muryarsu kawai ya sani. Hoto ne zai nuna masa yadda ake jera 'yan amshi a bayan uban kiɗa, yadda yake ba su alama da ɗan ɗaga hannu ko juya kai su karɓe, yadda yatsu ke sauka a fatar kotso, yadda mai kalangu ke matse tsarkiya da hammata ya sauya muryar kiɗa, yadda sanƙira ke kutsowa da kirari a daidai gaɓar da ta dace. Waɗannan su ne farkon abin da kwafi ke cinyewa, domin hannu mai sauri shi ne matsewa ta fi dagulawa. Haka ma lafazi. Hausar Sakkwato da Zamfara da Kabi tana da kalmomi da karin da ba kowa ya iya ba, kuma in shuu ya rufe ƙarshen kalma, sai ka ji matasa suna rera abin da mawaƙin bai faɗa ba.

A Turai ma sun sha wannan wahalar, sai dai su sun koma tushe. Lokacin da aka shirya fitar da hotunan wasannin ƙungiyar mawaƙan Ingila Led Zeppelin a faifan DVD a 2003, wasannin 1969 zuwa 1979, an tarar wasu zarurrukan na asali sun yi danƙo, sai da aka gasa su da ɗan zafi kaɗan na tsawon makonni kafin su yarda a karanta su. Fim ɗin Get Back na ƙungiyar Beatles da Peter Jackson ya fitar a 2021 daga kusan awa 60 na hoton da aka ɗauka a Janairun 1969 aka tsamo shi. Wanda ya sayi irin waɗannan ya san abin da ya biya: an je ga na asali, an gyara, an rubuta rana da wuri. Kada dai wani ya ji batun gashi ya shanya kaset ɗinsa a rana ko ya kai shi kusa da murhu, wannan aikin ƙwararru ne da na'urar da ke riƙe zafi daidai.

Danƙon nan kuwa ciwo ne da yanayinmu ke saurin jawowa. Gam ɗin da ke riƙe garin ƙarfen a jikin leda yana shan laima ya ruɓe. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Gwandu, yana gasa kaset. Damina ta zo da laima, musamman a garuruwan da ke bakin fadama, fumfuna ta fito fari-fari a gefen zaren, kana hango ta ta ɗan gilashin kaset. Hunturu ya zo da ƙura, kuma ƙura kaɗan ta isa ta ɓata layi. In ka ga fumfuna, kada ka saka kaset ɗin a na'ura, zai toshe hedi ya kuma shafa wa na bayansa. A ajiye kaset a tsaye, ba a kwance ba, a mayar da zarensa farko, a nesanta shi da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Sannan a ɓalle ɗan harshen robar nan da ke bayansa. In babu shi na'ura ba ta yarda ta ɗauki sabon abu a kai. Bukukuwa da naɗin sarauta da yawa sun tafi a haka, an ɗauki wasan ƙwallo a kansu.

Na'urar ma tana gab da riga zaren mutuwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a watan Yulin 2016. Bel ɗin roba yana narkewa ko ba a kunna ba, hedi yana cinyewa, kuma ba a yin sabo. Tun 2015 ma'adanar fina-finai da sautuka ta ƙasar Ostireliya ta yi gargaɗin cewa zaren da ba a juye shi zuwa kwamfuta ba kafin 2025 yana cikin haɗarin salwanta, UNESCO ma ta yi irin wannan yekuwa a 2019.

Ni a ganina, tarin waƙoƙin da ake sayarwa ya cancanci kuɗi in ya cika 'yan sharuɗɗa, kuma ana gane su cikin minti biyar a gaban mai shago. Ka ce ya saka maka. Dubi baki da murya ko suna tafiya tare. Dubi hannun makaɗa, in kana iya bambance yatsu, kwafin bai yi nisa da tushe ba. Ka tsallaka ƙarshe ka ga ko waƙar ta kai inda mawaƙin ya dire, domin sau da yawa ana datse ta don a cusa waƙa 100 a wuri ɗaya, kuma gara waƙa 10 cikakku. Wanda aka lafta wa lambar waya da sunan shago a kan fuskar mawaƙi, bar masa kayansa. Akwai kuma abin da ya kamata ya dami mai saye: ba kasafai ko sisi daga cinikin nan ke isa hannun 'ya'yan mawaƙan da 'yan amshinsu ba, don haka in ka samu wanda iyalin suka fitar da kansu, shi ya fi cancanta ko da ya fi tsada.

Amma mafi daraja ba ya kasuwa. Yana hannun tsofaffin masu ɗaukar bidiyo na Birnin Kebbi da Jega da Argungu, da gidajen da suka taɓa gayyatar makaɗi biki ko naɗi, ko suka ɗauki hawan salla da dambe da kokawa. Wannan shi ne kaset na farko, wanda ya fito daga cikin kyamara kai tsaye, ba a taɓa nuna shi a talabijin ba, kuma sau da yawa shi kaɗai ne a duniya. Mai irinsa ya nemi mai gyaran da har yanzu yake da na'ura mai lafiya, a goge hedi da sifirit, a fara gwada ta da wani kaset da ba a damu da shi ba, sannan a juye zuwa kwamfuta sau ɗaya, ba tare da matsewa don waya ba. A ajiye a wuri biyu, kuma kada a yar da kaset ɗin bayan an juye. Sannan a zaunar da dattawan gidan a gaban allo da takarda da biro, su faɗi garin da shekarar da mai bikin, da sunan kowane ɗan amshi daga dama zuwa hagu.