Cinnaka Ba Ka San Na Gida Ba

Ina gaida ku na cikin garin Gusau, da na Tsafe, da na Bungudu da ƙauyukan da ke kewaye. Yau hirar tamu a kan wani ɗan ƙaramin maƙwabci ce wanda kowace ɗayanmu ta taɓa ɗanɗana zafinsa, wato cinnaka.

Na san wata za ta ce, to miye abin koyo a jikin cinnaka? Uwargida, ki ba ni aron hankalinki. Da yawanmu in mun ga baƙin abu yana tafiya a tsakar gida sai mu ce tururuwa ce, mu ɗauko fiya-fiya mu yayyafa. Alhali waɗannan ƙwari iri-iri ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen cutarwa. Wani hatsinki yake so, wani sukari, wani kuwa dafinsa kan iya kai mutum asibiti. In kin iya bambanta su, kin san wanda za ki share da tsintsiya kawai, da wanda za ki ɗauke jaririnki daga kusa da shi.

Mu fara da cire gara daga lissafi. Gara ba dangin tururuwa ba ce, masana sun tabbatar ta fi kusa da kyankyaso. Jikinta fari-fari ne mai laushi, kuma ba ta da ƙugu. Duk dangin tururuwa kuwa suna da siririn ƙugu tsakanin ƙirji da ciki, kuma 'yan ƙahonnin nan biyu da suke shinshina hanya da su a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu. Irin waɗannan ƙwari masu ƙugu, waɗanda masana suka riga suka raɗa wa suna a duniya sun haura iri 14,000. Mu a nan biyar muka fi sani.

Na farko kiyashi, ɗan mitsitsi, mai bin sukari da mai da ƙuli-ƙuli. Na biyu tururuwa, mai babban kai, wadda ke jan layi tana jidar gero da dawa, kuma za ki ga tulin ƙaiƙayi a bakin raminta. Na uku kwarkwasa, mai fitowa runduna guda lokacin damina. Ba ta da idanu, cizo take yi ta riƙe, kuma takan far wa 'yan tsaki cikin akurki. Na huɗu gwano, baƙi dogo, wanda warinsa ke riga shi isowa. Na biyar shi ne cinnaka.

Ga yadda za ki gane shi. Tsawonsa wajen milimita 5 ne, kusan ƙwayar shinkafa ke nan. Jikinsa baƙi ne ko baƙi-baƙi, ƙafafunsa da bakinsa sun ɗan yi ja. Ya fi kiyashi girma sosai, amma bai kai manyan tururuwa ba, kuma kansa bai yi ƙato kamar nata ba. In kin ɗauki hotonsa da waya kin faɗaɗa, ki dubi ƙugun: cinnaka ƙululu ɗaya gare shi a wurin, tururuwa da kiyashi biyu-biyu. Sannan yakan yi raminsa inda ke da laima, kamar gindin randa, bakin makwarara, ƙarƙashin turmi ko dutse, ko tsagar daɓe.

Abu mafi muhimmanci, mukan ce cinnaka ya cije ni, amma ba cizon ne ke da zafi ba. Harbi yake yi da ƙari a ƙarshen cikinsa, ya zuba dafi, kamar yadda zuma da rina ke yi. Wani abin mamaki kuma, duk waɗanda kike gani suna kai da kawowa suna neman abinci mata ne, kuma su kaɗai ke da ƙari. Mazan ba sa harbi. Aikinsu kawai su fito da fikafikai su yi barbara da sababbin sarauniyoyi, daga nan su mutu.

To yaya masana ke kiran sa? Ka'idarsu, wadda wani mutumin Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758, ita ce kowace halitta ta sami suna biyu, na farko na zuri'a, na biyu na yanka. Baƙin ƙwaro mai harbi da ake samu a gidajen ƙasashen da ke kudu da Sahara, irin namu, sunansa Brachyponera sennaarensis. Kada tsawon sunan ya ba ki tsoro, rabinsa na biyu ma'anarsa "ɗan Sennar". Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gustav Mayr, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1862, daga samfurin da aka samo a Sennar ta ƙasar Sudan. Yankin nan ba baƙo ba ne gare mu, don kusa da shi garin Mai Wurno yake, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna.

Sunan zuri'ar kuwa an sha canza shi. Mayr ya sa shi cikin Ponera, a 1995 aka mayar da shi Pachycondyla, sai a 2014 wasu masana biyu, Schmidt da Shattuck, suka sake duba siffar dangin da ƙwayoyin halittarsu, suka ajiye shi a Brachyponera. Yawancin 'yan uwansa na kusa mafarauta ne, ƙwari suke ci. Shi kuwa ya haɗa da tsaba. Shi ya sa zaman gidajenmu ya karɓe shi, ga tsakin hatsi inda ake sussuka da surfe, ga ragowar tuwo a wajen wanke-wanke.

Me ya sa likitoci suka damu da shi? Wannan ƙwaro dai yana nan a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ake ce masa samsum. Tun cikin shekarun 1990 likitocin can suka rubuta labarin mutanen da harbinsa ya jefa cikin mawuyacin hali. Ga yawancin mutane, zafi ne da ɗan kumburi da ƙaiƙayi, su wuce. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki hana yaro sosawa. Amma akwai 'yan kaɗan da jininsu ba ya jituwa da dafin sam.

Don Allah ki riƙe waɗannan alamomi. In bayan harbin, cikin 'yan mintuna zuwa awa guda, kika ga borin jini ya feso a duk jiki, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ko murya ta dushe, ko amai da jiri da suma, to wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jiran maigida ya dawo kasuwa ba ne. A nemi abin hawa nan take. In kina Gusau ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, Tsafe da Bungudu kuma kowanne yana da babban asibiti. Allurar adiranalin ita ce ke ceton rai a irin wannan hali, ƙwayar maganin ƙaiƙayi kaɗai ba ta isa. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi, harbi na gaba ma yana iya tayar masa, don haka kowa a gidan ya sani. In an samu kama ƙwaron, a jefa shi cikin 'yar kwalba da ɗan sifirit a tafi da shi, a faɗi inda aka same shi.

Rigakafin kuwa a hannunki yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ma cinnaka: a liƙe tsagar daɓe da gindin bango. Ki share tsaki da zarar an gama surfe. Ki ɗora randa a kan abin da zai ɗaga ta, kada ruwa ya kwanta ƙarƙashinta. Ki kakkaɓe tabarma da zanen goyo kafin ki kwantar da jariri, musamman lokacin bazara da muke kwana a tsakar gida. In yaro ya tsala ihu ba dalili, ki tuɓe masa riga ki duba. Fiya-fiya kuwa guba ce mai ƙarfi, kada ta kusanci abinci ko wurin kwanan yara, kada kuma a zuba ta a robar ruwa ko kwalbar lemo.

Gobe da safe in kin zo ɗiban ruwa, ki ɗan duƙa ki dubi gindin randarki, ki ga wane ne a cikin biyar ɗin nan ke zaune da ke. Ki nuna wa yaranki su ma su san shi. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, Allah ya tsare mana iyalanmu. A huta lafiya.