Ƙera samfurin jirgin DH.9A

Ƙera samfurin jirgin DH.9A aikin hannu ne da ake yin ƙaramin kwafin wannan jirgin yaƙi na Birtaniya mai fukafukai hawa biyu, tun daga ɗanyen kaya, ba tare da sayen sassan da masana'anta ta riga ta yi ba. Jirgin yana da matsayi a tarihin Arewacin Najeriya, domin irinsa ne ya fara sauka a Kano.

Asalin jirgin

DH.9A ya fara tashi a shekarar 1918, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙashin jikinsa katako ne, an lulluɓe fukafukansa da yadi. Yana da injin Liberty ƙirar Amurka mai ƙarfin doki 400, kuma mutum biyu yake ɗauka: matuƙi a gaba, maharbi a baya. A ranar 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku irinsa na rundunar sojan saman Birtaniya suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba. Akwai guda ɗaya a ajiye a gidan tarihin rundunar da ke Hendon a Landan.

Ma'auni

A Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan Hausa, yara sun saba ƙera mota da jirgi da karan dawa ko gwangwani, suna gwada tsawo da ido. Abin da ya bambanta samfuri da wannan wasa shi ne awo: kowane sashe ana rage shi da lissafi ɗaya. Faɗin fukafukan DH.9A mita 14.01 ne, tsawonsa mita 9.22. A ma'aunin 1:72, wato a raba kowane awo gida 72, faɗin zai dawo kimanin santimita 19.5, tsawo kuma 12.8. A ma'aunin 1:48, faɗin yakan kai santimita 29.2.

Kayan aiki

Ana buƙatar zanen jirgin ta sama da gefe da gaba, katako mai laushi ko kwali mai ƙarfi, reza, rula, gam, siririyar waya, zare da fenti. Totuwar kara tana da sauƙin sassaƙa, amma takan karye idan aka sirantar da ita.

Haɗawa

Ana fara sassaƙa gangar jiki, a huda wuraren zama biyu, sannan a manna fukafukan ƙasa da wutsiya. Mafi wuya shi ne ɗora fukafukan sama. Sanduna takwas ne ke riƙe da su a gefuna, huɗu a kowane ɓangare, ban da gajeru da ke kan gangar jiki. Idan sanda ɗaya ta fi 'yar uwarta da milimita guda, karkatar takan bayyana a fili, shi ya sa ake yanka madogarin kwali da zai riƙe fukafukan daidai har gam ya bushe. Bayan haka ake ɗaura zare a gicciye tsakanin sandunan, a madadin wayoyin da ke ƙarfafa jirgin na ainihi. Daga ƙarshe a sa farfela mai kunne biyu da tayoyi, a zana tambarin rundunar: da'irar shuɗi da fari da ja.