3.2 Muhammadu Lawal Kwasau a Fagen Yaƙi

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda Muhammadu Lawal Kwasau ya taso daga sarautar Madaki har ya zama Sarkin Zazzau, da irin rawar da bindiga ta taka wajen ɗaukakarsa da kuma faɗuwarsa.

Kwasau ɗan gidan Barebari ne, ɗaya daga cikin gidajen sarautar Fulani na Zazzau. Mahaifinsa shi ne Sarki Yero ɗan Abdullahi ɗan Hamada ɗan Yamusa. A tsarin sarautar Zazzau, Madaki ne jagoran mayaƙan dawaki, kuma yana cikin manyan 'yan majalisar sarki. Shi kansa Yamusa sai da ya riƙe wannan sarauta a zamanin Malam Musa kafin ya hau gadon mulki a shekarar 1821. Don haka naɗin da Yero ya yi wa ɗansa Kwasau a matsayin Madaki bin sawun kakanni ne.

Yero ya hau mulki a 1888, bayan Sakkwato ta tuɓe Sarki Sambo, wanda a zamaninsa Ningawa suka addabi ƙasar Zazzau da hare-hare. Domin magance wannan rauni, kamar yadda M. G. Smith (1960) ya nuna, Yero ya kafa rundunar 'yan bindiga, mafi yawansu bayin sarki. Bindigogin kuwa ta hanyar fataucin kogin Kwara da Binuwai suke shigowa. Wannan ya kawo babban canji, domin a da ƙarfin yaƙi yana hannun hakimai ne masu dawaki da barade, amma yanzu ya koma hannun sarki da makusantansa. A cikin wannan yanayi Kwasau ya yi suna, musamman a hare-haren da ake kaiwa ƙasashen kudancin Zazzau, inda aka kama mutane da dama aka mayar da su bayi.

Da Yero ya rasu a 1897, Wazirin Sakkwato Buhari ya zo naɗin sabon sarki. Bisa al'ada Sakkwato takan juya sarautar tsakanin gidaje, don kada gida ɗaya ya yi ƙarfin da zai gagare ta. Amma Kwasau yana da 'yan bindiga a bayansa, saboda haka Waziri bai ga wata mafita ba sai ya naɗa shi. Wannan ya nuna yadda ikon Sakkwato a kan Zazzau ya fara sassautawa.

Sai dai ƙarfin da ya isa karɓar sarauta bai isa kare ƙasa ba. Bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya gudo cikin ƙasar Zazzau yana cin garuruwa. Kwasau ya nemi taimakon Turawa, suka zo suka kama Nagwamatse a farkon 1902, sannan suka girke sojojinsu a Zariya. A watan Oktoba na wannan shekara Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney. Zargin da Turawa suke yi wa Kwasau ya ƙaru, suka tuɓe shi, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa a 1903. An kai Kwasau Lakwaja, kuma a can ya rasu.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa bindiga ce ta ba Kwasau damar tsallake zaɓin Sakkwato, amma da ya haɗu da waɗanda suka fi shi makamai, ba shi da wani majingini. Sashe na gaba zai duba yadda sarautar Madaki ta koma ta hakimci a ƙarƙashin mulkin Turawa.