Dogon Direba Tsakanin 911 da DAF

Wanda ya saba wucewa ta Gwammaja ya nufi Ƙofar Ruwa ya san tsohuwar Marsandi 911, mai ɗan guntun hanci da bodin katako. Kallonta daga waje daɗi gare shi. Zama a cikinta kuwa, sai ka tambayi direban da Allah ya yi wa tsawo.

Ba don wani dogon Bakano aka ƙera ta ba. A 1959 Jamusawa suka fara fito da irin waɗannan motoci masu guntun hanci, lokacin da dokar ƙasarsu ta ƙayyade tsawon manyan motoci. Don kada wurin kaya ya ragu, sai suka gajarta hancin, suka turo wani ɓangare na injin cikin kan motar. Abin da aka rage, daga rabon ƙafafun direba aka rage shi.

Mutane na zaton matsalar dogo ita ce kansa ya bugi rufi. A'a, gwiwa ce. Duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa zai taka kuloci, sai gwiwar ta gamu da sitiyari. Sitiyarin kuma faffaɗa ne da gangan, domin a yawancin tsofaffin ƙarfin damtse ne ke juya taya. In ka ƙaranta shi, kwana za ta gagare ka da buhunan masara daga Dawanau. A ja kujera baya? Bangon kan motar ya tare. Wasu kan ce wa mai walda ya yanke ƙafafun kujerar ta yi ƙasa, su kuwa sun ƙara wa Barno dawaki, don mazauni na sauka gwiwa ke ƙara tashi, nauyi ya koma ƙugu. Dabarar da ta fi ita ce a rage kaurin soson jingina, a samu 'yan inci, a kuma ɗan ɗaga gaban kujerar ya tallafi cinya. Iyakarta ke nan.

Ita kuwa DAF, 'yar garin Eindhoven ta ƙasar Holan, ba ta da hanci sam. Direba a saman inji yake zaune. Kujerarta a kan iska take, tana gaba tana baya, sitiyari ma ana karkata shi, ga gado a bayan kujera. Dogo ya miƙe ƙafa har Legas.

Sai dai mu yi wa 911 adalci, mu yi wa kanmu. Yawancin DAF ɗin da ke iso mu sun gama cin ƙuruciyarsu a Turai. Ranar da iskar kujerar ta fara zurarewa, gungumen katako ake cusawa a ƙasa, ka ga an koma gidan jiya. Kuma in tsautsayi ya zo ta gaba, babu hancin da zai tare wa direba. Ita 911 ko a ƙauye ta mutu, bakanike da sifana biyu zai tashe ta, shi ya sa iyayen gida ba sa rabuwa da ita.

To amma mai mota ba shi ke zama a kujerar ba. In zirga-zirgar cikin gari ce, Singa zuwa Dawanau, dogo zai iya lallaɓa 911 bayan an gyara masa jingina. In tafiyar kwana biyu ce, ya nemi DAF mai lafiyayyar kujera. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da Gwammaja, amma ba a sayar da sabon ƙugu a kasuwar Ƙofar Ruwa.