Jirgin Ruwa Mai Tuƙa Kansa: Daga Ɗaurin Igiya Zuwa Fiffiken Iska

A shekarar 1897 wani gogaggen matuƙin jirgin ruwa, haifaffen ƙasar Kanada, mai suna Joshua Slocum, ya taso daga tsibirin Thursday da ke arewacin Ostareliya, ya nufi tsibiran Cocos Keeling a cikin Tekun Indiya. Tafiya ce ta mil 2,700, kuma shi kaɗai ne a cikin jirginsa mai suna Spray, wanda tsawonsa mita 11 ne da 'yan kai, ba shi da inji, iska ce kawai ke tura shi. Kwana 23 ya yi a hanya, amma bisa ga abin da ya rubuta a littafinsa na 1900, duk lokacin da ya yi yana riƙe da abin tuƙi bai wuce awa 3 ba. Ya ɗaure shi ne da igiya, ya koma ga karatu da girki da barci, jirgi kuwa bai ɓata hanya ba. Mutane da yawa sun yi shakkar wannan labari a lokacin, domin duk wanda ya taɓa ɗaure abin tuƙin jirgi ya juya baya ya san cewa a galibi ba a daɗewa jirgin yake kama gabansa. To, me ya sa ɗaurin ya yi wa Slocum aiki, alhali yana ba wasu kunya?

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya san yadda ake juya jirgi. A bayan jirgi, cikin ruwa, akwai wani faffaɗan allo a tsaye wanda ke juyawa dama da hagu kamar ƙyauren ɗaki. Shi ne allon tuƙi. In yana miƙe, ruwa zai wuce ta gefensa biyu daidai wa daida. In aka karkata shi, sai ruwa ya danne gefe guda, ya ture bayan jirgin, goshinsa ya juya. A ƙananan jirage ana sarrafa allon ne da wata doguwar sanda da aka kafa a kansa, wadda ta shigo cikin jirgi har inda matuƙi ke zaune, wato sandar tuƙi. Tsawonta shi ke rage wa hannu wahala, kamar yadda doguwar ƙota ke sauƙaƙa ɗaga dutse. Abin da ke rikitar da sabon shiga shi ne, in aka tura sandar dama, hagu jirgin zai yi.

Matsalar ita ce sandar ba ta son a sake ta, matuƙi kuwa hannu biyu gare shi. Yana bukatar ya gyara tanti, wato babban ƙyallen nan da ke kama iska, ya kwarfe ruwa, ya duba taswira, ya ci abinci. Saboda haka tun da daɗewa masunta da masu dakon kaya suka ƙago hanyoyin tsayar da ita wuri guda. Mafi tsufa ita ce igiya: a ja ta daga wannan gefen jirgi zuwa wancan, a naɗa ta sau biyu ko uku a jikin sandar. Wasu suka kafa katako a gicciye a ƙarƙashin sandar, suka huhhuda shi, ana soka turaku biyu, ɗaya a kowane gefenta. Wasu kuma suka yi amfani da ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, sandar na da ɗan harshe a ƙasanta da ke faɗawa tsakanin haƙoran. In ana son sakinta sai a ɗaga ta kaɗan. Na zamani, irin su Tiller Tamer da TillerClutch, igiyar nan ce dai aka yi wa kwaskwarima. A na farkon, igiyar na ratsa wani ɗan akwati a kan sandar, ana murɗa maballi don ƙara ko rage tsaurin riƙo. A na biyun kuwa akwai ɗan kunne a ƙasan sandar wanda yatsa ɗaya ke kulle shi ko ya buɗe.

Duk cikinsu, abin da ya kamata a auna ingancinsu da shi shi ne saurin saki. Riƙewa ba wuya, ko ƙulli ma yana riƙewa. Amma in guguwa ta taso farat ɗaya, ko wani jirgin ya ɓullo a gaba, matuƙin da ya tsaya kwance ƙulli ya makara. Shi ya sa ƙwararru da dama suka fi son ɗauri mai ɗan sassauci, ko ma roba mai talewa a maimakon igiya, yadda in aka ture sandar da ƙarfi za ta motsa.

Sai dai akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ɗaurin sanda yana tsayar da allon tuƙi ne kurum, bai san gabas ba, bai san yamma ba. In taguwar ruwa ta bugi goshin jirgi ta kautar da shi, ko mutum ya tashi daga wannan gefe ya koma wancan, jirgin zai ɗauki sabuwar hanya, sandar kuma tana nan inda aka bar ta, ba abin da zai gaya mata an yi kuskure. A jirgi mai inji, ko kaɗan allon ya karkace, ƙarshenta da'ira za a zana a kan ruwa. Masu kwalekwalen inji a Yawuri da tafkin Chadi sun san wannan, domin injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale shi ma da hannun sanda ake juya shi, kuma yana da wani ƙusa da ake matsewa don ya yi tauri. In aka matse shi sosai kuma matuƙi ya faɗa ruwa, kwalekwalen zai tafi ya bar shi. In kuwa a sake yake, murɗawar farfela na iya karkatar da injin, kwalekwalen ya yi ta kewaye yana komowa kan wanda ya faɗa. Dalili ke nan da ake sanya wa irin waɗannan injuna wata 'yar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, da ya faɗa ta fizge, inji ya mutu.

Jirgi mai tanti kuwa yana da wata baiwa da mai inji ba shi da ita, kuma a nan asirin Slocum yake. Ƙarfi biyu ne ke aiki a jikinsa: iska na tura tanti daga sama, ruwa na tokare gindin jirgi daga ƙasa. In iska ta ƙaru, jirgin kan kishingiɗa, goshinsa ya nemi juyawa ya fuskanci inda take fitowa. Don haka matuƙi kan ɗaure sandar da 'yar karkata kaɗan, wadda za ta riƙa janye goshin daga iskar. Idan jirgin ya juya cikin iskar fiye da kima, tanti zai fara kaɗawa ya rasa ƙarfi, jirgi ya miƙe, sai allon tuƙi ya rinjaya ya komo da shi. Idan kuma ya kauce wa iskar fiye da kima, tanti zai cika, jirgi ya ƙara kishingiɗa, goshi ya koma. Ashe ke nan jirgin da kansa ne ke gano kuskure ya gyara, igiya dai tana riƙe masa ma'auni ne. Wannan daidaito ya fi samuwa in ana tafiya ana sāɓa wa iska. In tana bugowa daga baya, yawancin jirage ba sa zama, kuma akwai haɗarin tanti ya wuntsila ɗaya gefen da gungumen da ke ƙasansa, wanda ke iya karya jigo ko ya fasa kan mutum. Abin mamaki game da Spray shi ne ko da iska a bayansa yana riƙe hanya, saboda faɗinsa da tsawon gindinsa, da kuma ƙaramin tanti da Slocum ya ƙara masa a baya tun yana Kudancin Amurka. Da shi ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai, daga 1895 zuwa 1898.

Ba kowane jirgi ne Spray ba, saboda haka aka shiga neman yadda za a ba sandar tuƙi abin da za ta ji da shi. Abin sha'awa, daga wasa aka samo bakin zaren. A farkon ƙarni na 20, masu tseren 'yan ƙananan jirage na wasa a tafkunan Landan, waɗanda ba mutum a cikinsu balle ya tuƙa, suka rungumi dabarar wani mai suna George Braine. Ya haɗa igiyar tanti da allon tuƙi, ya sa roba tana ja ta ɗaya ɓangaren. In iska ta ƙara danna tanti, igiya ta ja allon. In ta sassauta, roba ta mai da shi. Har yau masu ƙananan jirage na yin haka da 'yan gargare biyu da roba irin ta danƙon harbin tsuntsu. A 1936 kuma wani Bafaranshe mai zane, Marin-Marie, ya ƙetare Tekun Atlantika daga Niyok zuwa Faransa shi kaɗai a jirgi mai inji, da taimakon wani allo da ke bin iska yana juya abin tuƙi.

Wannan allo, wanda za a iya kira fiffiken iska, shi ya zama ginshiƙin abin da ya biyo baya. Ana kafa shi a bayan jirgi, a saita bakinsa ya dubi iska. Muddin jirgi na kan hanya, iska na wucewa ta gefensa biyu ba ta taɓa shi. Da jirgi ya kauce, sai ta bugi gefe guda, fiffiken ya motsa, motsin ya isa ga sandar tuƙi. A tseren farko na ƙetare Atlantika mutum ɗaya a jirgi, wanda aka yi a 1960 daga Plymouth ta Ingila zuwa Niyok, mutum 5 ne suka shiga. Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40 da wani ƙaton fiffike da ya laƙaba wa suna Miranda, Herbert Hasler kuma, tsohon sojan ruwa wanda shi ya kawo shawarar tseren, ya zo na biyu cikin kwana 48.

Aibin fiffike shi ne rashin ƙarfi, musamman in iska ta yi sanyi. Hasler ya warware wannan da wata dabara mai ban sha'awa a farkon shekarun 1960. Ya rataya wani siririn filafili a bayan jirgi, bakinsa cikin ruwa, yadda zai iya lilo dama da hagu. Aikin fiffike kawai ya ɗan murɗa filafilin, abin da ba ya bukatar ƙarfi. Da ya murɗu, ruwan da ke gudu a ƙarƙashin jirgi sai ya ture shi gefe da ƙarfin gaske, domin ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, igiyoyin da ke jikinsa kuma su ja sandar tuƙi. Iska ke ba da umarni, ruwa ke yin aikin ƙarfi, ba batir ba mai. Amma fiffike iska yake bi, ba kamfas ba: in ta juya cikin dare matuƙi na barci, jirgi zai bi ta, ko da kan duwatsu ne. Dokokin ƙasa da ƙasa na hana karo a teku, na 1972, sun wajabta wa kowane jirgi sa ido a kowane lokaci, sharaɗin da mai tafiya shi kaɗai ba ya iya cikawa sosai.

Manyan jirage sun bi wata hanyar. A farkon shekarun 1920 kamfanin Elmer Sperry na Amurka ya fito da na'urar tuƙi mai bin kamfas, a 1922 kuma Nicolas Minorsky, injiniya haifaffen Rasha, ya wallafa nazarin da ya gina kan lura da ƙwararrun matuƙa. Ya gano cewa gwanin matuƙi ba girman kaucewar jirgi kaɗai yake dubawa ba, har da saurin kaucewar da kuma daɗewar da ta yi. Ya mai da wannan lissafi, aka gwada a jirgin yaƙi mai suna New Mexico a 1923. Lissafin nan shi ne yau ke daidaita zafi da matsi a matatun mai da masana'antu, da shi kuma ƙananan na'urorin lantarki da ake maƙalawa a sandar tuƙi suke aiki.

Duk da haka tsohuwar igiya ba ta yi ritaya ba. Robin Knox-Johnston, wanda ya fara kewaye duniya shi kaɗai ba tare da yada zango ba, cikin kwana 312 daga Yuni 1968 zuwa Afrilu 1969, na'urarsa ta lalace ne a kusa da Ostareliya, ya ƙarasa fiye da rabin tafiyar da daidaita tantuna da ɗaure sanda da tuƙin hannu. An farfaɗo da wannan tsere, mai suna Golden Globe, a 2018, aka kuma haramta na'urar tuƙi ta lantarki a cikinsa. A zagayen da aka fara a 2022, Simon Curwen ɗan Ingila ne ke kan gaba da tazara mai yawa, har guguwa ta karya masa fiffike a Janairun 2023 kafin ya kai ƙuryar Kudancin Amurka. Ba shi da kayan gyaran ɓangaren da ya karye, dole ya ratse zuwa gaɓar ƙasar Chile, abin da ya fitar da shi daga sahun masu neman kambi. Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ce ta lashe tseren a watan Afrilun wannan shekara.